Ruwan dutse bai san takardar fili ba

Jama'a yau dai sai na amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda zai ji haushi ya ji. Maganar yadda ake yanka fulotai ce a garuruwanmu na gindin dutse, irin namu na nan ƙasar Dutse da Birnin Kudu, har su Rano da Riruwai can ɓangaren Kano, duk kanwar ja ce.

Tun da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991 Dutse ta zama hedikwata, ga jami'ar tarayya ta zo a 2011, fili ya yi daraja, faƙon da a da ko kyauta aka ba ka sai ka yi shawara yanzu kuɗi ne tsababa. Har mu na ƙauye zazzaɓin ya iso mu. Mai gona ya kira dillali, dillali ya zo da igiya da tef da yara biyu, a kafa turaku, ƙafa hamsin a ɗari, ƙafa hamsin a ɗari, a bar wani siririn lungu a tsakani, shikenan wai an tsara unguwa. Ba wanda zai ɗaga kai ya kalli dutsen da ke bayansa ya ce to in an yi ruwa can sama ta ina zai sauko.

A gidanmu abin ya faru shi ya sa nake magana da zafi. Yayana ya sayi fili a gangare da rani, wuri fes, ga iska, kana hango gari gaba ɗaya. Ranar da ake haƙa fandisho wani dattijo mai gona a gefen ya zo wucewa a keke, ya tsaya ya daɗe yana kallo sannan ya ce, "Samari, nan fa hanyar ruwa ce, tun muna yara ta nan yake bi ya faɗa fadama." Yaya ya ce, "Baba ai da kenan, yanzu cikewa za mu yi." Dattijon ya ce to Allah ya sanya alheri, ya hau kekensa. Ni ma ina wurin, kuma wallahi har da ni a masu dariya.

Aka yi ta sauke tifar jar ƙasa ana bajewa da shebur, ba daddanƙara ba komai, rabin gidan ya zauna kan dutse rabi kan ciko, ta ƙasa kuma aka ja katangar bulo mai inci tara wai ita za ta tare ƙasar. Damina ta farko lafiya lau. Ta biyu cikin watan Agusta aka kwana ana ruwa, wajen asuba katangar ta kwanta cikin gidan maƙwabci ta danne masa turken awaki, ɗakin amarya kuma ya tsage daga sama har ƙasa, tsagar da hannuna ke shiga. Allah ya taƙaita ba a rasa ran mutum ba.

Sai a lokacin aka nemo injiniya, wani abokin karatuna, ihu bayan hari. Abin da ya nuna mana ba wani boko mai wuya ba ne. Ya ce dutse ba ya motsi, ciko kuwa in ba a zuba shi kaɗan-kaɗan ana yayyafa ruwa ana daddanƙarawa da inji ba sai ya zauna, to gida ɗaya rabi na tsaye rabi na nutsewa dole ya yage a mahaɗar. Katangar kuma ya ce ba a bar mata ko ƙofa ɗaya da ruwa zai fita ba, ƙasar bayanta ta sha ta ƙoshi ta yi nauyi ta tura ta. Katangar tare ƙasa gindinta faɗi ake yi masa, da kankare da rodi ko ginin dutse mai kauri, a zuba tsakuwa a bayanta, a jera ƙananan bututu ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ya ɗau tsinke ya yi mana lissafi a ƙasa: ruwan milimita 50 in ya sauka kan rufin kwano mai murabba'in mita 200, lita 10,000 ne, duro hamsin kenan daga gida ɗaya tak. To ka haɗa gida talatin, ka ƙara da na saman dutse wanda ko ɗigo ba ya sha, duk su taho a guje ta lungun da ko kurar ruwa da ƙyar take wucewa.

Ni ra'ayina, a irin garuruwan nan ruwa ake fara yanka wa fili kafin mutum. Safiyo ya auna tudu da kwarin wurin gaba ɗaya, a fitar da hanyar ruwa a ce wannan ba na sayarwa ba ne ko nawa za a biya, a san inda lambatu zai bi da inda za a sa kwalbati da girman da ya kamata, abin da ya rage shi ne fuloti. Tun ran gini tun ran zane. Kuma kakanninmu sun san wannan ba tare da digiri ba, je ka Garu a Dutse ka ga yadda aka zauna cikin duwatsu shekara da shekaru. Manomi yana jera duwatsu a gicciye a gonar gangare, ya bar gamba da jema a kan iyaka su riƙe ƙasa. Kududdufin da aka haƙa aka yi ginin gari shi ke shanye ruwan unguwa, mu kuma mun cike shi da shara mun sayar.

Laifin wa? Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma, amma kowa ya san yadda ake yi, takarda ce ta hannu da shaidu da sa hannun mai unguwa, a kai wa dagaci, ranka ya daɗe an yi ciniki. Ba su kaɗai zan ɗora wa ba gaskiya. Mu masu saye muna da kuɗin tayil da fenti da ƙofar gilas amma kuɗin injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, ya zo ya duba ƙasa shi ne asara. Ina girmama magina, aikinsu ne ya rufa mana asiri, sai dai birkila daban injiniya daban. In abu ya rushe kuma a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma ai cewa aka yi ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Wani zai ce talaka ina ya ga kuɗin safiyo. To ai ba kowa ne zai kira nasa ba, masu fulotai ashirin su yi karo-karo a yi awo ɗaya ya ishe su, ko mai gonar a cire daga kuɗin fuloti guda. Ya fi abin da ake yi yanzu, kowa ya ɗaga daɓen ƙofar gidansa ya tura wa na ƙasa da shi, damina na yi ana ƙofar gidan dagaci ana shari'a, maƙwabta sun daina gaisawa.

Yaya dai ya biya awaki, ya rushe ɗaki ɗaya ya bar wa ruwa hanya, an yi ginin dutse da bututunsa. Makon jiya na je, sai ga sabbin turaku an kafa a samansa, daidai cikin kwarin da ruwan ke biyowa, har an rubuta fili na sayarwa da gawayi a jikin dutse.