Ba halinka ake ba maki ba

Da yawa daga masu shirin jarrabawar IELTS, wato gwajin iya Turanci, suna zaton idan aka tambaye su a sashen magana ko suna ba abokai rance, dole su nuna su masu hannun kyauta ne. Sai ka ji mutum ya haddace amsa mai daɗi, yana rero ta kamar karatun allo. Mai jarrabawa kuwa ba ruwansa da halinka. Cikin minti 11 zuwa 14 abu huɗu yake aunawa: yadda maganarka ke gudana, wadatar kalmomi, nahawu da lafazi. Hadda kuma kunnensa ya saba da ita, nan take yake gane ta.

In ba ka son ba da bashi, faɗi haka, ka kawo dalili. Misali, ka ranta wa aboki kuɗin haya, ya ce sai ƙarshen wata, daga baya ya daina ɗaga wayarka. Ɗan labarin nan kaɗai ya ishe ka ka nuna ka iya ba da labarin abin da ya wuce, ka kuma kare ra'ayinka.

Sai dai a kiyayi "borrow me" da ya zama ruwan dare a Najeriya. Mai karɓa ne ke "borrow", mai bayarwa "lend" yake yi, don haka "lend me" za ka ce.