Alhaji Zai Karɓo Nobel

Alhaji ya faɗo ofis da jarida a hammata, ko sallama babu.

ALHAJI: Kai Ɗan Boko, wane ne Muhammad Yunus ɗin nan da ake ta zuzutawa?

ƊAN BOKO: Ranka ya daɗe, malamin tattalin arziki ne a Bangladesh. A 1976 ya ranta wa mutum 42 na ƙauyen Jobra dala 27, daga nan...

ALHAJI: Kowannensu?

ƊAN BOKO: A'a, jimla.

ALHAJI: Dala 27 aka ba mutum Nobel? Kawo biro. Ni 28 zan bayar.

ƊAN BOKO: Ai ba nan ta tsaya ba. Bankin Grameen ya kafa, yana ba talakawa rance ba jingina, galibinsu mata. Sai 2006 aka ba su kyautar Nobel ta zaman lafiya, shi da bankin. Shekara 30 fa ke nan.

ALHAJI: Bai san mutane ba ne. Ba jingina kuma? To in ba su biya ba me zan ƙwace?

ƊAN BOKO: Kasuwanci don al'umma ake ce masa. A tsarinsa, mai jari uwar kuɗinsa kawai yake karɓa, riba kuwa a mayar da ita cikin aikin.

Alhaji ya laluba kujera ya zauna. (Kalmar "mayarwa" ba ta taɓa yi masa daɗi ba, ko da canjin mutum ne ya rage a hannunsa.)

ƊAN BOKO: A Indiya ma dokar kamfanoni ta 2013 ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu a kan jama'a.

ALHAJI: Allah Ya raba mu da Indiya. Ni wa ya kai ni hidimar jama'a? Ban dasa itace bakwai ba?

ƊAN BOKO: Guda ɗaya ne, ranka ya daɗe. Sau bakwai dai aka dasa shi. Ana gama hoto direba ke tuge shi ya mayar but ɗin mota.

ALHAJI: Hoto nawa aka ɗauka?

ƊAN BOKO: Bakwai.

ALHAJI: To!

ƊAN BOKO: Ga kuma baƙin ruwan da muke saki bayan masana'anta, maƙwabta sun sake kawo ƙara.

ALHAJI: Kyauta muke ba su ko sayar musu muke yi? Rubuta: samar da ruwa ga al'umma.

Sai ga Baba Maigadi ya leƙo, hula a hannu, irin leƙen wanda ya riga ya san amsa.

MAIGADI: Alhaji, a gafarce ni, zancen albashin nan ne. Wata uku ke nan, mai gidan haya har ya cire mini ƙofa.

Alhaji ya ƙura masa ido, fuskarsa ta washe kamar an yi masa bushara.

ALHAJI: Baba, kai talaka ne?

MAIGADI: Sanadinka, Alhaji.

ALHAJI: Kana da jingina?

MAIGADI: Ko ƙofa ba ni da ita.

ALHAJI: Alhamdu lillahi! Zan ranta maka albashin wata ɗaya.

MAIGADI: Kuɗin nawa za ka ranta mini?

ALHAJI: Ba jingina fa! Ɗan Boko, rubuta: mutum ɗaya, saura 41. A kira mai hoto, a ce wa direba ya fito da itacen nan. Kai kuma Baba saki fuska mana, kana ɓata mini Nobel.