Amfilifaya Mai Wat 100 da Ta Ƙi Wuce 55

A jikin amfilifayar da na haɗa da rediyon oba-oba na cikin motata don ƙara masa ƙarfin sigina an rubuta wat 100 da manyan haruffa, amma duk lokacin da na danna makirfo sai allurar mita ta taso da nauyin jiki, ta tsaya a wajen 55, ta yi zamanta. Na ƙwanƙwasa gilashin mitar da ɗan yatsa, domin wannan ne gyaran farko da kowa ya iya, ko gezau ba ta yi ba.

Eriya ce ta fara shan zargi, kuma zargin yana da tushe. Rediyo da amfilifaya da wayar da ke kai sigina duk an ƙera su a kan om 50, wato awon turjiyarsu ga wuta, kuma idan eriya ba ta daidaita da su ba, wani kaso na ƙarfin da aka tura yakan dawo baya, abin da ake aunawa da sunan SWR. Amfilifayoyi da yawa suna rage ƙarfinsu da kansu idan awon ya yi sama, don kada tiransistocinsu su ƙone. Na hau rufin mota da sifana a baki, na kwance, na goge, na ɗaure, masu wucewa suna kallona suna rage tafiya. Awo ya nuna 1.3, wanda ba shi da laifi ko kaɗan. Na cire eriyar gaba ɗaya na ɗaura eriyar bogi ta gwaji, wadda ke shanye sigina ta mayar da ita zafi, allura ta koma gidanta na 55. Shi ma rediyon ya fita daga zargi nan take, domin wat 5 ake buƙata ya ba amfilifaya, wat 5 ɗin yake bayarwa.

Saura ita kanta amfilifayar. Na buɗe murfinta, na kara hancina a kan tiransistoci ina neman ƙaurin ƙuna, ban ji komai ba sai ƙura da ta sa ni atishawa, atishawar kuma ta tura wani ɗan sukuru ƙarƙashin kujera, inda yake zaune har yau. Na tayar da inji na auna wutar da ke shiga, na ga bolt 13.8 cif, daidai abin da ake so. Daga nan na yanke mata hukunci cewa ta tsufa, na kira wani dattijo da ya daɗe a harkar rediyo domin ya taya ni jaje.

Bai yi mini jaje ba. Cewa ya yi, "Yaro, da kake awon nan, kana danne da makirfo, ko tana zaune ne tana hutawa?" Na ce, "Baba, hutawa take yi." Ya ce to in sake aunawa tana bakin aiki, domin ba a gane ƙarfin jaki sai an ɗora masa kaya.

Wannan awo yana buƙatar hannu uku, biyu na riƙe tsinkayen mita, ɗaya na makirfo. Na kwanta a ƙasan mota, ƙafafuna a waje, na matse makirfo tsakanin haɓata da kafaɗa. Ina dannawa lambar ta zube daga 13.8 zuwa 10.5, alhali a kan batir wutar ba ta wani motsa ba. Ashe yunwa ce ke damun baiwar Allah. Amfilifaya irin wannan tana jan amfiya 15 zuwa 20 idan tana watsawa, kuma turjiyar da ba ta wuce om 0.2 ba a kan hanya, idan amfiya 15 suka bi ta cikinta, za ta lashe bolt 3. Ƙarfin fita kuwa ba ya sauka daidai da saukar wutar, ya fi ta saurin faɗuwa, shi ya sa asarar kashi ɗaya cikin huɗu na wuta ta tafi da kusan rabin wat ɗina.

Na bi wayar da hannu ina ɗaga kafet, har na taɓa wani wuri da ya sa na janye yatsa da sauri. A nan ne wanda ya riga ni mallakar motar ya ga wayarsa mai kauri ta gaza, ya ƙarasa da siririyar wayar fitila, ya murɗe su, ya naɗe da salatif, kusa da wani gidan fiyus da ya yi kore shar da tsatsa har robarsa ta fara narkewa. Na ja sabuwar waya mai kauri kai tsaye daga batir, na sa fiyus dab da batirin, na kankare fenti har ƙarfe ya fito kafin in ɗaure wayar at, wato wadda ke haɗa amfilifaya da ƙarfen jikin mota. Allura ta miƙe zuwa 95.

Na mayar da eriya na kira dattijon ta rediyo, ina jiran yabo. Ya yi shiru, sannan ya tuna mini cewa ko ninka ƙarfi aka yi, desibel 3 kawai ake samu, wato rabin layi a mitar mai sauraro, kuma nawa bai ma kai haka ba. Ya ƙara da cewa yanzu yana jin wani siririn kuka a bayan muryata da ke tashi duk lokacin da na taka totur, saboda haka in shirya, gobe altaneta za mu duba.