Kada a fasa zaure saboda ƙyaure

Duk wanda ke bin lungunan cikin birnin Zariya, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan ko Kuyambana, ya san ana ta gyaran tsofaffin gidaje. Magada sun sami abin hannu, an sauke azara an ɗora kwano, an yi fulasta, an ja wuta. Madalla, ba ni da ja a kan wannan. Inda muke rabuwa da 'yan'uwa shi ne wurin ƙofar shiga. Sai mutum ya tafi Sabon Gari ya ga ƙofar nan mai sheƙi da ake cewa 'yar Turkiyya, ya biya, a ɗauko ta a a-kori-kura, sannan ne za a kira magini a ce ya san yadda zai yi ta shiga. An fara daga inda ya kamata a ƙare.

Ƙofofin kanti da awonsu suke zuwa, galibi ƙafa 3 ko 4 a faɗi, ƙafa 7 a tsayi, domin ginin bulo aka ƙera su. Zauren da kakanninmu suka gina da tubali bai san wannan awo ba. Bakinsa gajere ne, bangonsa kauri gare shi, wani ya kai kamu biyu daga ƙasa yana tsukewa yana hawa. Nauyin da ke bisa ƙofar kuwa azarar giginya ce ke riƙe da shi, an jera ta an binne bakinta cikin ƙasa hagu da dama. Ranar da aka ce a ɗaga bakin ƙofa, azarar nan za a sare. Magini zai ce, "Alhaji, ba komai, linta za mu zuba." To lintar, wato kankaren da ake zubawa bisa bakin ƙofa, a kan me za ta zauna? Siminti ba ya kama jar ƙasa. Zai yi kamar ya kama, damina ɗaya biyu sai ka ga siririyar tsaga ta bi gefen firem ta haura, ruwa ya sami hanya, bangon ya riƙa jiƙa ta ciki alhali fentin waje yana nan fes. Mu da muka ga yadda wani ɓangare na babban Masallacin Juma'a ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya tsaya tun shekarun 1830, bai kamata a sake koya mana tsoron tsaga a ginin ƙasa ba. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu.

In dai dole ne a faɗaɗa, a tayar da ginshiƙi na bulo ko kankare hagu da dama tun daga tushe, ya ɗauki linta da ƙyauren gaba ɗaya, tsohon bango ya huta. Kuɗin zai ƙaru, amma aikin ke nan.

Sai ita kanta ƙofar. Da yawa daga cikin masu arahar nan, ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ka saurara. Fallen ƙarfe ne siriri gaba da baya, cikinsa kwali ko soso. A ɗakin kwana ba laifi. A bakin titi kuwa, inda rana ke dukanta, yara na jingina keke, akuya na goga jiki, ba a jimawa fatar ta soma ɓarewa, gindin ya yi tsatsa. Kuma a duba inda gidan ya fuskanta. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi cin wuya a kowane tsohon gida. Ƙofar da ke kallon gabas ba rumfa a kanta, ko ta nawa ce, ruwa zai bi ta ƙarƙashi.

Ni a nawa ra'ayin, a auna bakin zauren yadda yake a kai wa mai walda na unguwa, a zaɓi falle mai kauri, milimita 1.5 zuwa 2, a tsaya a ga ya shafa jan fenti na hana tsatsa kafin na ado, don nan ne suke yin ha'inci. Hinji uku, sakata ta ciki sama da ƙasa, wurin kwaɗo a rufe shi da akwatin ƙarfe. In ta lalace gobe, wanda ya yi ta yana nan Tudun Wada, ba sai an jira kaya daga Legas ba. Mai hali kuma ya nemi katakon maɗaci busasshe. Na ce busasshe, domin ɗanye da damina kumbura yake ya ƙi rufuwa, da hunturu ya tsuke har ka hango tsakar gida ta tsagar. A sha masa maganin gara, a ɗaga dokin ƙofa kada ya taɓa ƙasa.

Akwai kuma abin da mai kanti ba zai tambaye ka ba: me ke wucewa ta ƙofar nan? Babur na shiga kullum. Buhun masara na shiga da kaka. Kayan ɗakin amarya za su shiga, gado da kujeru da firji. Wata rana kuma makara za ta fita, mutane na riƙe da ita ta kowane gefe. Ƙofa mai ɓari ɗaya da tudun ƙarfe a ƙasa duk tana wahalar da waɗannan. Ɓari ɗaya da rabi ya fi, kada a buɗe ƙaramin sai in buƙata ta taso.

Wani maƙwabcinmu ya sa irin wadda ke kulle kanta da an saki. Gida ne na gandu, mutum fiye da ashirin, makulli kuwa 'yan ƙalilan suka zo da ita. Mahaifiyarsa ta kira shi ta ce, "Kai Babangida, wannan ƙofar banki ce ka kawo mana? Almajirina ma ya daina zuwa ɗaukar tuwo." Zaure wurin sallama ne, nan malam ke karatu, nan ake zaman gaisuwa, wuni yake a buɗe sai bayan isha'i. Yanzu dutse suke tokare ta da shi tun asuba, kuma iskar farkon damina ta riga ta buga ta da bango har hannun ya karye.