Gardamar Yukren a fadarmu, da littafin da ya ƙi bin kowa

A fadar da nake zuwa shan shayi bayan isha'i, nan cikin Yamai, tun ranar 24 ga Fabrairun 2022 da sojojin Rasha suka kutsa Yukren ake gwabza yaƙin da fatar baki. Shayin farko kaɗai ake sha lafiya. Kafin a sauke na biyu wani ya zaro salula ya nuna hoton tanka tana ci da wuta, kowane ɓangare ya rantse ta abokan gabansa ce. Mutum biyu ne ke jan gardamar. Akwai wani saurayi mai taksi wanda tun Agustan 2023 ya rataya ƴar tutar Rasha a madubin motarsa, rana ta ci ta har shuɗin ya koma toka-toka, bai cire ba. Akwai kuma wani mushe, wato malamin lakkwal, mai koyar da Faransanci a lise, wanda ko sunan Putin aka ambata sai ya ajiye kofi ya gyara zama.

Na ukunsu dattijo ne, likitan dabbobi da ya yi ritaya, bai cika sa baki ba. Wani dare ya zo da ɗan littafi a aljihun riga, bangonsa ya sha hannu, takardun sun yi ja kamar an tsoma su a shayi, irin waɗanda ake bazawa a ƙasa gefen Babbar Kasuwa a sayar jika guda. Na Tolstoi ne, fassarar Faransanci. Mai taksi da ya ji marubucin Barashe ne sai ya washe baki: "Baba, ashe kai ma namu ne kake ta ɓoyo!" Mushe kuwa ya haɗe rai: "Haba Alhaji, a wannan zamani littafin Rashawa za ka riƙa yawo da shi?" Dattijon ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shi a birnin Kharkiv na Yukren ya yi karatu zamanin Tarayyar Sobiyet, can ya koyi Rashanci, can ya fara karanta wannan mutum, kuma garin ne yau ake wa luguden wuta. Bai ƙara ko uffan ba. Ranar dai cikin shiru aka sha shayi na uku.

Su biyun laifi ɗaya suka yi: sun ɗauki littafi tamkar katin jam'iyya, wanda duk aka gani da shi an san inda zai jefa ƙuri'a. Kuma babu wanda ya buɗe shi a cikinsu.

Gardamar Yukren a Yamai gardamar Faransa ce ta sa rigar aro. Mu nawa ne za mu iya nuna Donbas, yankin gabashin Yukren da ake yaƙi a kansa, a taswira? Abin da muka sani shi ne ɓarnar da rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ta yi a Birnin Konni a 1899, da uraniyom ɗin Arlit da aka fara haƙa tun 1971 alhali ƙauyukanmu na kwana cikin duhu, da yadda ƙawancen NATO ya rusa Libiya a 2011 makamai suka malalo Sahel. Saurayin da ya rataya tutar nan ba Mosko yake wa soyayya ba, Faris yake wa gwalo, kuma ba zan ce ba shi da dalili ba. Daga baya abin ya matso kusa da gida. A ƙarshen Yulin 2024 aka kashe sojojin Mali da sojojin hayar Rasha na Wagner da dama a Tinzawatan da ke arewacin Mali, wani kakakin leƙen asirin sojan Yukren ya yi maganar da aka fahimta a matsayin da hannunsu a ciki, Mali ta yanke hulɗa da Kiyef, Nijar ta bi sahu cikin Agusta. Ƙuri'armu ma a Majalisar Ɗinkin Duniya ta juya. A Maris ɗin 2022 Nijar na cikin ƙasashe 141 da suka yi tir da mamayar. A Fabrairun 2025 tana cikin 18 da suka ƙi ƙudurin da Yukren ta kawo, abin mamaki har da Amurka a layin.

Duk da haka ni ban yarda da yaƙin ba, kuma dalilina na gida ne. A Agustan 2023, da ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka ta CEDEAO ta yi barazanar shigo mana da soja bayan juyin mulki, masu son juyin mulkin da masu ƙinsa da yawa sun haɗu a kan magana ɗaya: kowane irin saɓani ne, ba a tsallako iyakar wani da bindiga. To me ya sa abin da muka ƙi wa kanmu za mu tafa masa in an yi wa wani? Mu ne muka yi shekaru muna jayayya da Benin a kan tsibirin Lete, ba mu tura tankoki ba, muka je Kotun Duniya ta ba mu shi a 2005. Ƙasa irin tamu, mai faɗi, mai dogayen iyakoki, da maƙwabta bakwai, babu katangar da ta fi mata ƙa'idar cewa babba ba ya haɗiye ƙarami don ya ga zai iya. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Cewa Amurka ta yi irin haka a Iraƙi a 2003 gaskiya ne, sai dai ɓarnar wancan ba ta wanke ta wannan.

Yanzu littafin. Sunansa Hadji Murat, wato Alhaji Muradu da a nan ne. Tolstoi ya rubuta shi da tsufansa, tsakanin 1896 da 1904, bai fito ba sai 1912, shekara biyu bayan rasuwarsa. Labari ne na gaske da ya saƙa: yaƙin da daular Rasha ta yi shekara da shekaru tana yi don ta mallake Musulmin duwatsun Dagistan da Checheniya, waɗanda Imam Shamil ya jagoranta har ya miƙa wuya a 1859, ya rasu a Madina a 1871. Muradu na cikin manyan na'iban Shamil. Suka ɓata, ya tsallaka wajen Rashawa a 1851, Shamil ya riƙe masa uwa da mata da ɗa. Rashawa suka yi ta ja masa rai, ba su amince da shi ba, ba su kuma taimake shi ya ƙwato iyalinsa ba. Da ya gaji ya gudu a 1852, suka bi shi suka kashe, aka sare kansa ana nunawa.

Akwai wani ɗan babi a ciki da bai fi shafi biyu ba, wanda nake so duk mai tutar Rasha a Yamai ya karanta. Sojojin sarki sun afka wa wani ƙauyen Musulmi. Mutanen suka dawo daga ɓuya suka tarar an rushe ɗakuna, an ƙone ciyawar dabbobi da amyoyin zuma, an karya itatuwan lambu, an soke wani yaro da wuƙar bindiga, an zuba ƙazanta a maɓuɓɓugar da suke sha, an ƙazantar da masallaci, liman da almajiransa na wankewa. Marubucin bai yi wa'azi ba, ya jera abubuwan ne kawai kamar mai lissafin asara bayan gobara. Wanda ya taɓa jin tsofaffin Konni ko na Lugu suna ba da labarin da suka gada na 1899 ba ya bukatar a fassara masa komai. Kuma wanda ya rubuta wannan ɗan sarauta ne Barashe, da ya sa kakin rundunar da ta yi aikin, a wannan yanki, tun 1851, kafin ya je Sebastopol ya ga yaƙin Kirimiya da idonsa.

Sarkin Rasha Nikolas na Ɗaya ya fito a littafin mai girman kai, mai yanke hukuncin ran mutane gwargwadon yadda ya tashi daga barci. Shamil ma bai tsira ba: shi ne ke barazanar ƙwaƙule idon ɗan Muradu. Masu mulki biyu, ɗaya a fada mai fitilu, ɗaya a kan dutse da rawani, talaka na tsakiya ana niƙa shi. Ina mai taksi zai sa wannan a gardamarsa? A 1904, da ƙasarsa ta shiga yaƙi da Japan, Tolstoi ya rubuta doguwar maƙala yana kiran mutane su ƙi yaƙin, a waje aka buga ta. Cocin Rasha tun 1901 ya raba gari da shi. Mutum irin wannan a Rashar yau, inda tun Maris ɗin 2022 aka kafa dokar ɗaure wanda aka ce ya yaɗa ƙarya a kan soja har shekara 15, ban san inda zai kwana ba.

Mushe kuma ina da tambaya gare shi, cikin girmamawa. Ba shi ne ke tsayawa gaban allo yana sa yara haddar waƙoƙin Bafaranshen nan Victor Hugo ba? Hugon nan a 1879, a wajen walimar tunawa da soke bauta, ya yi jawabi yana kiran Turawa su je su karɓe Afirka. Mun san da haka, ba mu fasa karanta shi ba, don tausayinsa ga talaka a rubuce gaskiya ne, makantarsa a kanmu ma gaskiya ce. Marubutan Rasha haka suke, ba waliyyai ba ne. Pushkin, wanda kakan mahaifiyarsa baƙar fata ne da aka sato daga Afirka yana yaro, wani masanin tarihi ɗan Benin ma ya kafa hujjar daga Logon-Birni yake kusa da Tafkin Chadi, ya yi waƙa a 1831 yana goyon bayan murƙushe tawayen Polan. Dostoyebski ya yi wa yaƙin 1877 da Turkiyya kirari. In ɗan Yukren ya tumɓuke gunkin Pushkin daga dandalin garinsu, na fahimce shi: daular Rasha ta taƙaita buga littattafai da harshensu a 1863, ta ƙara ƙuntatawa a 1876, yanzu ga makamai masu linzami a kansu. Ciwonsu ne. Amma mu a Yamai mu jefar da Tolstoi don mu nuna muna tare da su, wannan kukan aro ne. Wata jami'a a Milan ta Italiya ta gwada dakatar da darasin Dostoyebski a Maris ɗin 2022, surutu ya sa ta janye ba shiri.

Zaurukanmu ma sun riga Turai warware wannan. Malaman da ba sa wasa da tauhidi su ne ke karantar da waƙoƙin mawaƙan jahiliyya, don sun san a nan Larabci ya nuna. A ciki akwai ta Zuhairu ɗan Abi Sulma, wadda ya yi bayan yaƙin Absu da Zubyanu, yaƙin da ake cewa a kan tseren dawaki ya tashi ya ci shekara arba'in. Ya yabi mutum biyun da suka ɗauki diyya a wuyansu don a sasanta, ya siffanta yaƙi da dutsen niƙa. Ka je Tsibiri ko Maradi, inda jikokin sarakunan Gobir da Katsina suka kafu bayan jihadi ya kore su, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Ba su manta ba, har gobe suna da nasu labarin yaƙin. Hakan bai hana a karanta littattafan Shehu Usmanu da waƙoƙin Nana Asma'u a garuruwan ba.

Mai taksi ne ya fara roƙon aron littafin, ina jin don ya samo harsashin da zai harbi mushe da shi. A aji na uku na kwaleji ya bar lakkwal, Faransancinsa na tafiya da ɗingishi, sai da ya yi kusan wata yana karantawa a tasha tsakanin fasinja da fasinja. Daren da ya dawo da shi na lura ya naɗe kusurwar wani shafi, na kuma san wanne ne tun kafin in duba. Ya zauna ya karɓi kofinsa, can ya ce, "Baba, tsakaninka da Allah, Barashe ne ya rubuta wannan?" Dattijo ya ce Barashe ne, sojansu ma. Saurayin ya girgiza kai, ya ce shi dai har yanzu Faransa ce matsalarsa. Tutar na nan a madubi. Mushe ya miƙa hannu ya ɗauki littafin daga kan tabarma, ya jujjuya shi, ya ce zai dawo da shi ranar Juma'a.