Ƙurar Injin Niƙa da Haƙƙin Maƙwabci

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwa Musulmi.

Allah Maɗaukakin Sarki ya faɗa a Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Mu mutanen Zamfara ba sai an kai mu masana'antun Amurka ko Sin ba kafin mu gane fassarar wannan aya, domin mun gan ta a tsakar gidajenmu.

A shekarar 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna amai, suna farfaɗiya, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ya ƙi yin aiki, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka sa aka gwada jininsu, aka tarar gubar dalma ce. Dareta, Abare, Yargalma, Sunke, Bagega, duk sun binne 'ya'yansu, kuma waɗanda suka rasu sun haura 400. Zinare ya yi tsada a kasuwar duniya, sai aka riƙa kwaso duwatsu daga rami ana niƙa su a cikin gari da irin injin da ake niƙa dawa da gero, ana shanya garin dutsen a tsakar gida, ashe duwatsun na ɗauke da dalma. Ƙurar ta sauka a ƙasa, yaro mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki. Dalma kuwa ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa, shi ya sa wasu da suka tsira har yau ba su dawo daidai ba. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zubo sabuwa, Bagega ma ba ta samu wannan aiki ba sai 2013.

Ba ina cewa injin haramun ne ba, kuma wanda fatara ta tura rami ya cancanci tausayi kafin zargi. Sai dai da yawanmu mun ɗauka cewa matuƙar ba sata muka yi ba, to dukiyar ta tsarkaka, alhali Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta, babu cutarwa. Ya kuma gargaɗe mu da yin bahaya a mashayar jama'a, da kan hanya, da inuwar da ake hutawa, domin yana jawo tsinuwa. Idan ƙazantar da rana ke busarwa ta kai haka, ina ga wanda ya wanke garin dutse a kududdufin da shanu ke sha, ko ya ƙona zaiba don fitar da zinare yara na tsaye suna shaƙar hayaƙin? Ƙura ba ta san katanga ba, kuma maƙwabcin da ta shiga gidansa bai ci ko kwabo a cinikin ba, amma zai tsaya da kai gaban Allah.

Mai injin ya fitar da shi bayan gari, ya riƙa jiƙa dutsen kafin niƙa. Mai haƙa ya yi wanka, ya bar kayan aikinsa a can kafin ya ɗauki ɗansa. Dillalan da ke sayen zinare su daina yi kamar ba su san inda aka niƙa shi ba. Limamanmu na Anka da Bukkuyum da Maru kuma, don Allah, a sa wannan magana cikin huɗubar Juma'a, domin a can ne masu ramukan suke zama a sahun gaba.