Inshorar da ke barin ƙaramin ma'aikaci da kuɗin asibiti a Amurka

Duk ƙarshen shekara, galibi a watannin Oktoba da Nuwamba, kamfanonin Amurka kan buƙaci ma'aikatansu su zaɓi inshorar lafiyar shekara mai zuwa. Kusan rabin mutanen ƙasar ta wurin aiki suke samun inshora, al'adar da ta kafu tun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnati ta ƙayyade albashi, kamfanoni suka koma zawarcin ma'aikata da kula da lafiyarsu. A cikin zaɓin akwai wanda ke saurin ɗaukar ido, domin abin da ake cira daga albashi duk wata kaɗan ne. Sharaɗinsa shi ne mutum ya fara biyan kason farko na kuɗin jinya daga aljihunsa kafin inshora ta sa hannu. A 2025, wannan kaso ba ya gaza dala 1,650 ga mutum ɗaya, dala 3,300 ga mai iyali, kuma abin da iyali za su iya kashewa a shekara yana iya kaiwa dala 16,600.

Don rage raɗaɗin ne aka haɗa tsarin da asusun ajiyar lafiya, wanda suke kira HSA, bisa dokar da shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a Disamban 2003. Kuɗin da ka zuba ba a cire masa haraji, ribarsa ma haka, kuma idan ka cira don magani babu haraji. A 2025 mutum ɗaya na iya zuba dala 4,300, iyali dala 8,550, wanda ya kai shekara 55 kuma ya ƙara dala 1,000. Kuɗin na ma'aikaci ne, ko ya bar kamfanin yana tafiya da abinsa. Amma idan ya taɓa shi don wata buƙata dabam kafin ya cika shekara 65, zai biya haraji da tarar kashi 20 cikin 100.

Ba na musun amfanin wannan asusu. Ga injiniya matashi mai albashi mai tsoka, wanda bai fi ya ga likita sau ɗaya a shekara ba, ajiya ce ta tsufa mai kyau ƙwarai. Kuma rangwamen harajin ma shi ya fi mora: wanda ke matakin harajin kashi 32 yana tsira da dala 32 a duk ɗarin da ya ajiye, wanda ke matakin kashi 12 kuwa dala 12 kacal.

Damuwata tana ga matar da ke kula da tsofaffi a gidan jinya, ana biyanta da awa. Ta zaɓi tsarin ne saboda haya da cefane sun riga sun cinye albashin. A watan Fabrairu ɗanta ya faɗo a filin wasa, hannu ya kumbura. Za a ɗauki hoto, a ɗora karaya, a koma ganin likitan ƙashi, kuma duk wannan cikin kason farko yake, nata ne. Asusun da aka ce zai cece ta babu komai a ciki, domin ba ta da rarar da za ta zuba. Irinta ba 'yan kaɗan ba ne. Binciken Babban Bankin Amurka na 2023 ya nuna kashi 37 cikin 100 na manya ba za su biya kuɗin gaggawa na dala 400 da kuɗin hannu ba. Wanda dala 400 ta gagare shi, ina zai samo 3,300?

Masu goyon bayan tsarin na cewa idan kuɗin mutum ne zai fita, zai nemi asibiti mai sauƙi, ya daina zuwa kan abin da bai kai ya kawo ba. An gwada wannan zato. Gwajin cibiyar bincike ta RAND, wanda aka kammala a 1982, ya gano cewa mutane na rage zuwa asibiti idan su za su biya, amma suna rage mai amfani da marar amfani gaba ɗaya, kuma talakawa masu hawan jini sun fi jin jiki. A 2017 wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da Amitabh Chandra da Benjamin Handel, sun bi diddigin wani babban kamfani da ya mayar da ma'aikatansa kan wannan tsari. Kashe kuɗi ya ragu da kashi 12 zuwa 14 cikin 100, amma ba su ga alamar mutane na kwatanta farashi ba. Ƙin zuwa kawai suka yi. Ba abin mamaki ba ne: mai ciwon ƙirji da tsakar dare ba likita ba ne, ba shi da hanyar sanin ko gyambon ciki ne ko zuciya.

Hukumar haraji ta IRS ma ta ga ɓarakar. A 2019 ta ba da dama a biya wa mutane allurar insulin ta masu ciwon suga da wasu magungunan ciwon zuciya da asma kafin su cika kason farko. Dama ce aka ba kamfanoni, ba dole aka yi musu ba.

A ganina, kamfanin da ya rage kuɗin da yake biyan inshora ta wannan hanya, haƙƙi ne a kansa ya zuba wani kaso mai kauri na rarar a asusun ma'aikaci, kuma tun Janairu, ba a tsittsinka shi wata-wata ba, tunda ciwo ba ya jiran asusu ya cika. Doka ta yarda a ba ƙananan ma'aikata fiye da manya, don haka babu uzuri. Kamfanin da bai zuba komai ba, kuma bai bar wa ma'aikata wani zaɓi ba, rage musu albashi ya yi ta bayan fage.

'Yan'uwanmu da ke aiki a can, waɗanda ke tattalin kowace dala don aikowa gida, su ne araha ta fi yi wa tarko. Kafin su sa hannu, su tambayi ofishin ma'aikata nawa kamfani ke zubawa a asusun kuma a wane wata. Idan akwai mai ciwon suga a gidan, ko ana sa ran haihuwa, su haɗa cirar wata 12 da kason farko, su kwatanta jimillar da ta ɗaya tsarin mai tsadar wata.